Gidan Fiton Kaka Ayuo

Ranar da aka fara makokin Inna Perpetua, rana ta yi ja, dattawa suka aike ni ɗauko babbar tukunya daga gidan fito, inda ake dafa giyar dawa. Da safen nan na iso daga Techiman, inda nake sayar da doya. Baƙi sun cika ƙauye, makaɗa sun zauna, an zaunar da gawar a rumfa cikin zanenta na zuwa coci, ga jama'a babu abin sha. Ziem, mijin ƙanwata Faustina, ya ce zai kai ni a babur ɗinsa mai ɗaukar kaya.

Gidan fiton yana gindin dutse, bayan gonakin ƙauyenmu a ƙasar Nandom, arewacin Gana. Kakarmu Ayuo ce ta kafa shi a shekarar yunwa, da tukunya ɗaya da 'yar dawar da ta rage mata. A nan ta sami idon ruwa ƙarƙashin duwatsu, wanda ba ya ƙafewa ko rijiyoyin gari sun bushe. Fitonta ya yi suna har tsallaken kogi, mutanen Burkina suna zuwa a kekuna. Da ta mutu, 'yarta Perpetua, ƙanwar mahaifiyarmu, ta gaje ta. Ita ta sa rufin kwano, ta ƙara murahu, ta ɗauki mata aiki, ta fara aika jarkoki garin Wa a mota. Ba ta haihu ba, kuma ni ce babba a ɗakinmu, don haka kowa ya san gidan a hannuna zai faɗo. Tsofaffi kan ce kontome, aljanun dutsen, su suka koya wa Kaka dahuwar. Mu dai mun ɗauki wannan hirar mashaya ce.

A hanya Ziem yana ta tsokanata, wai daga gobe zai riƙa ce mini mai kamfani, kuma shi suruki kyauta zai sha. Na ce masa in haka ne gidan ba zai kai sati ba. Yana cikin dariya babur ya mutu, dab da gidan.

Sai ƙanshi ya iso gare mu. Ƙanshin tsiron dawa a kan wuta, mai zaƙi-zaƙi, haɗe da hayaƙin itacen kaɗanya. Matan aiki duk suna wajen makoki. Tun da Inna ta kwanta ciwo ba a hura wuta a gidan ba.

Ziem ya ce ɓarayi ne. Ya ɗauki ƙarfen taya ya yi gaba, na bi shi.

Kwaɗin bakin ruwa sun yi tsit. Abin da ake ji kawai muciya ce tana bugun gindin tukunya, a hankali, ba ta tsayawa.

Muka tura ƙyauren.

Kowane murhu yana ci, amma ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Bencuna cike da mutane. Gajeru ne, ba su kai ƙuguna ba, gashinsu ja har ƙasa. Duk sun ba mu baya, suna shan fito ba ka jin ko kurɓa. Na dubi ƙafafunsu. Dugadugan ne a gaba.

Mata biyu ke kan tukwane. Ɗaya tsohuwa ce tukuf, ta ranƙwafa, fatar hannayenta ta sale saboda tururi. Na san ta a hoton da ke rataye a ɗakinmu. Kaka Ayuo ce.

Ɗayar tana sanye da zanen zuwa coci.

Inna Perpetua ta ɗago kai. Idanunta cike da hawaye, hannunta bai daina tuƙi ba.

"Domitila," ta ce ƙasa-ƙasa, "kada ki taɓa muciya. Kada ki sha komai."

Ta dubi gajerun, ta ci gaba.

"Duk wadda ta riƙe gidan nan tana raye, kontomen nan za ta dafa wa bayan ta mutu. Da haka uwata ta sami ruwan."

Tsohuwar ta zaro muciyarta daga tukunya. Ta tako zuwa gare ni, tana miƙo mini. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, irin ta mai neman wanda zai karɓe ta.

Hannuna ya fara ɗagawa da kansa.

A gefena na ji ƙarfe ya faɗi ƙasa. Ɗaya daga cikin gajerun ya tsaya gaban Ziem da ƙwarya cike. Ziem ya karɓa da hannu biyu kamar mai barci. Na kira sunansa. Ya riga ya kafa kai.

Duk suka juyo.

Idanunsu ba fari. Bakunansu har kunne.

Yatsuna sun kusa kai wa muciyar.

Inna ta sa ƙafa ta ture tukunyarta. Tafasasshen fito ya malale tsakaninmu, tururi ya rufe ɗakin.

"Tafi," ta ce.

Na fizgo Ziem ta wuyan riga. Muka faɗa gonar dawa, ganye yana yankar fuskata. A bayanmu ƙananan sawu, da yawa, da wata dariya kamar tsakuwa a cikin gora. Ban waiwaya ba sai da kiɗan makoki ya rufe ta.

Na zube gaban rumfa. Gawar Inna tana zaune inda na bar ta. Gefen zanenta a jiƙe yake, yana tururi, kuma ƙafarta ta dama ta yi bororo.

Da safe maza suka je. Murahu a sanyaye, tokar ta tsufa, tukunya ɗaya a kife.

Ziem bai sake cin abinci ba. Tuwo, nama, ko ruwa, ya ce duk toka yake ji a bakinsa. Asibiti ba su ga komai ba. Ya rame har yaransa suna tsoron shiga ɗakinsa, kullum yana roƙon a ƙara masa irin wancan fiton. Kafin a girbe dawa aka tsince shi a bakin idon ruwan, ya kifa fuska, ba rai.

Na gaya wa dattawa ba zan karɓi gidan ba, a rufe shi. Suka ce birni ya lalata ni. Na koma Techiman.

Da na dawo Kirsimeti, tun daga kan hanya na hango hayaƙi a gindin dutse. Na tarar da Faustina kan tukunya, goye da autanta, sauran yaran suna jiƙa dawa. Na ja ta gefe na faɗa mata komai, har abin da Inna ta ce. Ta saurara har na gama.

"Na sani, Yaya," ta ce. "Inna ta faɗa mini lokacin da nake jinyarta. Na ɗauka zafin ciwo ne, sai da na ga Ziem."

Na tambaye ta to me ya kawo ta nan.

Ta dubi yaran, ta gyara goyonta.

"Su dai su ci yanzu. Na bayan, ni zan yi."

Ta koma kan tukunyarta, ta ci gaba da tuƙi.