Tukunyar Da Ta Ƙi Zama

Ranar da Baba ya kawo murhun lantarki, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Sai tsalle take yi a kicin.

"Umma, ba hayaƙi! Ba ashana!"

"Na gani, sarkin zumuɗi," in ji Umma. "Bari in karɓo saƙo a maƙwabta. In na dawo zan koya miki. In kin iya, ke za ki riƙa dafa wa Kaka madararta kullum."

Kai, daɗi kamar ya kashe Auta! Ta daɗe tana son wannan aikin. Amma haƙuri? Ina! Umma na fita, Auta ta ɗauko jar tukunya mai ƙyalli, wadda gindinta ya yi zagaye kamar ƙwarya. Ta juye madarar Kaka duka, ta ɗora, ta kunna murhu.

Tukunya ta ƙi zama, sai rawa take yi. Madara kuma ta ƙi zafi. Auta ta ƙara wuta, ta sa cokali ta juya. Kafin ta ankara, tukunya ta kife.

Cuuu! Ƙauri ya cika gida.

Umma ta shigo a guje ta kashe wuta. "Kin ƙone?"

"A'a." Hawaye ya zubo wa Auta. "Ki yi haƙuri, Umma. Shi ke nan, kin fasa ba ni aikin?"

"Kin yi laifi da ba ki jira ni ba. Da hannunki ta zubo wa fa? Ɗauko tukwanen nan ki jera a tebur."

Auta ta jera su. Umma ta ce ta taɓa kowace da yatsa. Jar tukunyar ta yi rawa. Wata baƙa mai nauyi kuwa ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani? Saman murhun nan shimfiɗaɗɗe ne. Sai tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, daidai faɗinsa, zafi zai kama ko'ina."

Auta ta goge murhu tas bayan ya huce. Yayanta ya sayo wata madara. Umma na tsaye, Auta ta dafa a baƙar tukunya.

Kaka ta kurɓa, ta yi dariya. "Ɗazu murhu kika shayar, yanzu ni. To, gobe ma ke nake jira."

Auta ta daka tsalle don murna. Daga ranar ta gane ba a zaɓen tukunya don kyanta, kuma ba a taɓa sabon abu sai an tambayi manya.