Akwatin da na zana a sito

Gab da magariba Mama ta aike ni sito in ɗauko sabulu. Siton yana bayan gida, nan Baba yake ajiye kayan shagonsa. Na tashi da sauri, don dama ina da abin yi a can. Wata mage ce ta haihu a bayan kwalaye, ni kaɗai na sani. Baba ko hoton mage ba ya son gani.

Yayana aikinsa saka kyamara. Ya saka ɗaya a siton ya saita ta: mutum yana shiga fitila ta kama, lasifika ta ce da muryarsa, "An gan ka, fita!" sannan imel ya tafi wayarsa da hoto. Da labulen taga ya ishe shi da saƙon ƙarya, a gabana ya zana akwati da yatsa a kan hoton labulen.

"Duk abin da ke cikin akwatin nan, kyamara makauniya ce," ya ce. "Kin gane, Sarkin Tsoro?"

Na ce ban gane ba. Na gane sarai. Tsohuwar wayarsa tana hannuna, komai na kyamarar yana ciki. Sai na zana nawa akwatin, dogo, daga ƙofa har kusurwar mage.

Ranar ma ta cikinsa na bi, da madara a murfin kwano. Fitila ba ta kama ba, yadda nake so. Amma warin siton ya canza. Babu ƙamshin sabulu. Sai ƙauri, irin na gashi in ya taɓa wuta.

Magen ba ta kusurwa. Ta kwashe 'ya'yanta zuwa gindin taga, gashin bayanta a miƙe, ido kan kusurwar. Ɗaya ta bari a kwali, yana wani siririn kuka.

Na durƙusa na miƙa hannu. Sanyi ya buge ni kamar na zura hannu a firij.

Ban ga kowa ba. Amma ana numfashi. A hankali. Sama da kaina.

Haske nake so, fitilar kuma sai kyamara ta ga mutum take kamawa. Na ciro wayar, na goge akwatin.

Fitila ta kama.

"An gan ka, fita!"

Wayar ta girgiza. Imel. Ga ni a hoton, jan layi ya kewaye ni, alamar kyamara ta ga mutum. Ga wani jan layin a gefena, siriri, dogo har silin.

Ba komai a cikinsa.

Lasifikar ta yi ƙiris-ƙiris. Muryar Yaya ta dawo, ƙasa-ƙasa, da maganar da bai taɓa ɗauka ba.

"Mayar min da wurina."

Na cafki ɗan magen. Wani abu ya riƙe min ɗankwali ta baya.

Na bar masa shi.

Ban san yadda na kai tsakar gida ba.

"Ina sabulun?" Mama ta ce. "Ina kuma ɗankwalin? Kan naki ma wata rana sai kin baro shi."

Na ce ƙusa ce ta kama. Ɗan magen yana cikin rigata, yana karce ni.

Washegari Yaya ya ce kyamarar ta haukace, imel ya cika masa waya. Ya ciro ta ya maida ita baranda, ya canza lambar sirri, har tsohuwar wayar ya karɓe. Magen kuwa na kai wa ƙawata, ita da 'ya'yan duka.

Jiya yana shan shayi ya kira ni.

"Sarkin Tsoro, zo ki gani. Wa ya zana wannan? Ni kaɗai ke da lambar fa."

Akwati ne, a hoton kyamarar cikin wayarsa. Siriri, dogo har silin, a jikin ƙofar ɗakina.

Ya ɗora yatsa zai goge. Na riƙe hannunsa.

"Don Allah, Yaya," na ce, "bar masa."