Ɗakin Sanyin da Ya Ƙi Yin Sanyi

"Wallahi Baba, ba sana'arka ya zo kashewa ba!" in ji Auta.

"To me ya zo yi? Na tsufa a durƙushe bayan firji, yau kowa ya ce shi sai firji mai aiki da hasken rana! Shi ne kuma zan ɗauki 'yata in ba shi?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan filayar da ke hannunta. Tun rasuwar Mama ita ke taya mahaifinta a shagon gyaran firji, ita ce idonsa tunda nasa suka fara dusashewa. Wanda zuciyarta ke so kuwa shi ne matashin da ake kira Injiniya, mai haɗa firjin da ba ruwansa da ɗauke wuta ko man janareta.

Da yamma Injiniya ya kira ta a waya.

"Sanyin idona, me Baba ya ce?"

"Ya ce a'a... Ni kuwa ba zan tsallake maganarsa ba. Ba shi da kowa sai ni."

"Ni ɗin wa nake da shi?"

"Don Allah kar ka ƙara min nauyi..."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a kan gwiwa.

Mako uku ba ta ji muryarsa ba. Ta rame, fara'arta ta ɗauke. Baba yana lura, amma ya yi kamar bai gani ba.

Ran nan da hantsi sai ga Injiniya a bakin shago, gumi ya jiƙa masa riga. Ko kallonta bai yi ba, ya zube gaban Baba.

"Baba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Ɗakin sanyin da na haɗa wa mata masu sayar da kayan lambu a kasuwa ne ya daina sanyi tun jiya. Batir a cike, wayoyi lafiya, na rasa gane kansa. Kayan mata arba'in ne a ciki..."

"Ina ilimin naka?"

"Ya ƙare, Baba. Naka na zo nema."

Auta ta matso kusa da mahaifinta.

"Baba, ko don matan nan..."

Ya ja dogon numfashi. "Ɗauko min jakata."

A kasuwa mata sun yi cirko-cirko, tumatir ya fara laushi a kwanduna. Auta ta riƙe hannun mahaifinta har gaban injin. Ya kara kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya bi bututun injin da yatsu a hankali.

"Injinka lafiyarsa ƙalau. Gas ne ke sulalewa. Ke, kawo ruwan sabulu."

Auta ta shafa a inda ya nuna. Nan take kumfa ta fara tasowa. Mata suka ɗauki salati.

"Kunna wutar walda," in ji Baba.

"Tsaya, Baba!" Injiniya ya yi saurin tarewa. "Wannan sabon gas ne. Ba ya ɓata iska kamar na da, amma yana kama wuta. Sai mun zuƙe shi tas tukuna."

Baba ya juyo ya daɗe yana dubansa.

"Au... ashe kai ma da abin da za ka koya min."

Suka zuƙe gas ɗin. Idanun Baba ba sa gani sosai, don haka Auta ce ta liƙe ɓular, Injiniya na riƙe mata da bututun. Sau ɗaya idanunsu suka haɗu, ta yi saurin mayar da nata kan aikin.

Suka sake cika gas, kafin la'asar sanyi ya dawo. Baba ya zauna kan akwati a cikin ɗakin, yana shafa bangon.

"Yanzu duk wannan sanyin daga rana yake?"

"Daga ita yake, Baba."

"Ikon Allah!" Ya girgiza kai. "Yaro, tsoro ne ya sa na ƙi ka. Na ɗauka za ka raba ni da aikina, ka raba ni da 'yata, ka bar ni da tsofaffin ƙarafa."

"Ni uba nake nema, Baba, ba mata kaɗai ba."

"To ka samu. Amma duk firjin da ka haɗa, sai na saurare shi kafin ya fita!"

Auta ta durƙushe ta rungume ƙafafunsa, kuka ya ƙwace mata. Baba ya dafa kanta, nasa idanun ma sun cika.

"Ke, tashi mu fita," ya ce, "kafin hawayen nan su daskare mana a fuska."