Wayoyi Biyu a Injin Tsohuwa

Tun da Allah ya halicci ƙarfe, ya kuma halicci mai murɗa shi, ba a taɓa cin mutuncin uba a tsakar gidansa kamar yadda aka ci na Baba Sifana ba. Da ɓarayi ne suka kwashe masa kaya, da ya ce ƙaddara. Da rufin ɗaki ne ya rufto masa a ka, da ya karkaɗe hula ya ci gaba da harkarsa. Amma a ce janareton gida ya yi ɗan tari, sai 'yar cikinsa, Auta, ta buɗe baki a gaban uwarta ta ce, "Baba, bari a kira Dogo ya duba!"

"Dogo?" Baba Sifana ya dafe ƙirji. "Ina raye? Ni da na fara sauke inji tun uban Dogo yana yawo ba wando?"

Mama tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "To ai ya girma ya sa wandon, har ya haifi mai son 'yarka. Yaron nan ya gaji da jira, Malam. Me za a ce masa?"

Dogo bakanike ne, yana da ɗan garejinsa a ƙarshen layi. Baba Sifana ya bincike shi ciki da bai yana neman aibu, ya rasa, kuma wannan shi ne babban laifin yaron. Gaskiyar da ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya ita ce: yayyen Auta duk sun watse gidajensu, ita kaɗai ta rage mai miƙo masa sifana, mai dariyar labaransa ko da ta haddace su. In ta tafi, wa zai yi wa burga? Mama ta daina sauraro tun tuni.

Sai ya nuna rumfar kwano da ke ƙuryar gida. A ƙarƙashinta wata mota ce da ake kira Tsohuwa, mai ƙaton inji na silinda takwas, irin na da. Ta daɗe a mace har kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai.

"Ya sauke injin nan, ya warware shi har noti na ƙarshe, ya mayar, ya tashe shi. Ranar da Tsohuwa ta yi magana, ranar zan yi tawa."

"Ka ji tsoron Allah!" in ji Mama. "Kai da kanka ka kasa."

"Ban kasa ba. Lokaci ne ban samu ba."

Dogo ya zo, ya durƙusa, ya ji sharaɗi. Abin da ya ce kawai, "To, Baba."

Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo. Ya rataya sarƙa ya ciro injin. Baƙin man da ya zubo kamar kwalta. Da ya ɗaga murfin silinda, sai ga tsatsa ja wur inda ruwa ya kwana shekara da shekaru, fistin sun kafe kamar an gina su da siminti. Baba Sifana yana kan kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi dariya har da tari.

"A kawo guduma mana, Injiniya!"

Dogo bai ɗauki guduma ba. Mai ya zuba musu, ya bar su suka jiƙa, yana ɗan ƙwanƙwasa su da guntun katako yau da gobe, har suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su a kan allo, kowanne da mazauninsa. Auta kuwa tana gefe da kwanon kananzir tana wanke notuna.

"Hannunki zai lalace fa," ya ce da ita a hankali.

"Ya lalace ɗin. Kai dai filis ka yi sauri, kafin kajin nan su kai mu ƙara."

Aka kai kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, wurin masu gogewa, aka sa wa fistin sabon ringi, aka ɗaure komai. Ranar da Dogo ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya juya sumul ba gargada, dariyar Baba Sifana ta ɗauke. Yaron nan zai yi!

Ranar tayarwa maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Dogo ya koma garejinsa ɗauko batir, Auta ta shiga ɗaki. Baba Sifana ya duba hagu, ya duba dama, ya sulale rumfa. Wayoyi takwas ne ke kai wuta ga filogi, kowace da lokacinta. Ya zare biyu, ya musanya su.

Ba mugunta ya nufa ba, a yi masa adalci. A lissafinsa, Tsohuwa za ta yi tari, ta yi kakari, ta ƙi tashi, Dogo ya yi gumi a gaban jama'a. Sannan shi ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya taɓa waya biyu da yatsa, mota ta ɗauka. Daga nan sai ya ba da 'yar, amma kowa ya san wane ne sarki.

Dogo ya ɗaura batir, ya miƙa wa Auta makulli. "Ke za ki tashe ta."

Ta shiga tana rawar jiki don murna. Shi kuma ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya sunkuya a kan injin. Sai a lokacin Baba Sifana ya farga. Ya manta! Injin da ya bushe sai an ɗiga masa fetur a bakin kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, kuma injin da aka rikita wa wuta ta nan bakin yake amayo ta. Ga fetur, ga fuskar yaro a kai.

Ya buɗe baki. Ya ga idon maƙwabta. Ya ce a ransa, bari ya yi tari ɗaya tukuna.

"Murɗa!" in ji Dogo.

Fuuum!

Wuta ta yi tsalle ta kama fuskarsa, kwalbar ta kama a hannunsa. Ihun da Auta ta yi, har yau in Baba Sifana ya rufe ido yana jin sa. Shi ne ya fara isa, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe yaron, suka faɗi tare. Maƙwabta suka watsa wa injin yashi. Ƙaurin gashi ya cika gidan.

A asibiti likita bai ɓoye musu ba. "Hannuwan za su warke, da tabo. Idon ne ban sani ba. Sai ranar da muka kwance."

Kowa yana yaba wa Baba Sifana. "Ba don tsohon nan ba, da yaron ya ƙone ƙurmus!" Karo na farko a rayuwarsa yabo ya zame masa kamar ana ɗiga masa ruwan batir. Da ya koma gida ya tarar ba kowa a rumfa, sai ya mayar da wayoyin nan biyu mazauninsu. Ya binne laifinsa.

Amma abin ya ƙi binnuwa. Ko sallama aka yi sai ya zabura. In Mama ta dube shi ta ɗan daɗe, sai ya kawar da kai. Wucewa ta gaban rumfar ya gagare shi, sai ya zagaya ta bayan ɗaki. In ya ga makaho a titi da sanda, sai ya sauya hanya.

Auta ta daina cin abinci. Takan zauna ta zuba wa hannunta na dama ido.

"Ni na murɗa, Mama. Da hannun nan na ƙona shi."

"Ke, bar faɗar haka! Tsautsayi ne."

"Ya ce murɗa, na murɗa da ƙarfi don ɗoki. Da na yi a hankali…" Sai kuka. Baba Sifana yana jin ta daga ɗakinsa, ya cusa kai cikin filo. Ya yi niyyar fita ya faɗa, sai ya tuna irin kallon da za ta yi masa, ya koma ya zauna.

Da ya je dubiya, ya tarar da Dogo a kwance, kai da hannuwa duk a naɗe, baki kaɗai ake gani.

"Baba ne? Na gane tafiyarku." Ya yi ƙoƙarin tashi don girmamawa. "Baba, na faɗi. Na yi ta tunani, tayimin ɗin, wato lokacin wutar, shi ne ban saita daidai ba. Sharaɗi sharaɗi ne, na janye. Abu ɗaya nake roƙo: in idon bai dawo ba, kada ku bari ta ce za ta zauna da ni don tausayi. Ba ta da laifi. Ku gaya mata."

Baba Sifana ya juya ya fice daga ɗakin.

Ranar kwancewa duk suna ɗakin. Auta ta rame kamar a hure ta ta faɗi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko almakashi. Wani tunani ya zo wa Baba Sifana: in yaron ya gani, shi ke nan, sai a yi shiru har abada. In kuma bai gani ba, wa zai iya faɗa? Ta kowace hanya, in almakashin nan ya taɓa ƙyallen, bakinsa ya rufu ke nan, 'yarsa kuma ta rayu tana tsine wa hannunta.

"Dakata, 'yata!"

Da ma'aikaciyar yake. Kowa ya juyo.

"Dogo, aikinka ba kuskure ko na ƙwayar zarra. Auta, hannunki bai yi komai ba. Ni ne. Ni na musanya wayoyi biyu da ka tafi ɗauko batir. Na ga kwalbar fetur, na san abin da zai faru, na yi shiru don kada a yi mini dariya."

Mama ta dafa gado. "Innalillahi! Malam, da furfurarka?"

Auta ba ta yi ihu ba, gara ma da ta yi. "Baba, kana ji na ina kuka? Kana ji, ka bar ni?"

"Ina ji."

Ta juya masa baya.

Dogo ya juyo da kai wajen muryar tsohon. Can ya ce, "Baba, da kun ce ba ku so na, wallahi da na haƙura tun farko."

"Ina son ka mana! Abin haushin ke nan!" Hawaye suka zubo masa. "Ka gani ko kada ka gani, in tana so, na ba ka. In kuma hukuma za ka kai ni, ga ni."

"Ina so," in ji Auta, ba tare da ta waiwayo ba. "Ko da sanda ne, ni zan riƙe."

Aka shiga warware ƙyallen, zagaye bayan zagaye. Baba Sifana ya runtse nasa idon, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Aka cire audugar. Fuskar ta yi dabbare-dabbare, gira babu ko ɗaya. Dogo ya ƙyafta, ruwa ya zubo, ya sake ƙyaftawa. Ya juya kai a hankali.

"Auta," ya ce, "wa ya hana ki abinci?"

Ta zube a gaban gadon tana kuka tana dariya. Baba Sifana kuwa ya zauna daɓas a ƙasa.

Dogo ya yafe tun a ɗakin. Auta ce ta ja lokaci. Gaisuwa kawai take yi masa ta wuce, kuma bai yi ƙorafi ba, abin da ya ba Mama mamaki fiye da komai. Shi da kansa ya bi maƙwabta gida-gida yana kwance yabon da suka yi masa. Shi ya wanke yashin da ke cikin injin, ya sake wayoyin da suka narke, Dogo yana zaune a kan kujerar nan tasa yana cewa, "A ƙara ɗaurewa, Baba." Yana ɗaurewa yana haɗiye maganganu.

Da za a sake tayarwa, Dogo ya miƙa hannu zai ɗauki kwalba, tsohon ya buge hannun.

"Matsa can! Fuskar da ta jawo abin, ita za ta tsaya."

Ya sunkuya a kan kafireto. Auta ta riƙe makulli, ta kasa murɗawa. Ta leƙo ta taga.

"Baba, filis ka ɗan ja da baya."

Ya ja da baya, yana share ido da hannun riga, don ya san an yafe masa. Ta murɗa. Tsohuwa ta yi gyaran murya sau ɗaya, ta ɗauka, silinda takwas suna bugawa daidai, kwanon rumfar yana rawa, kaji suka tarwatse. Ba a daɗe ba aka ɗaura auren, kuma Tsohuwar ce ta kai amarya.

To, samari da 'yan mata, ku dubi Dogo da Auta: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Iyaye kuma, in za a gwada mai neman 'ya, a gwada shi da gaskiya, domin wasan da girman kai ya shirya ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya.

Baba Sifana yana nan, kuma ƙorafi ya dawo: wai yanzu ko agogo ne ya tsaya sai a ce a kira Dogo. Amma in aka tambaye shi ina girar surukinsa ta tafi, sai ya sauke murya, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Kada ku ɗora wa mota, kada ku ɗora wa Shaiɗan, ranar ko unguwar bai shigo ba. Ni ne. Ni na ƙulla, ni na kunna, ba wanda ya taya ni."