Itacen Wankan Saude

Ku matso kusa. Nafi'u, rage fitilar nan, kada haske ya tashi yarinyar. Kun daɗe kuna tambayata me ya sa nake kai itace Rafin Baure in ajiye in dawo hannu wofi. Yau zan gaya muku, sau ɗaya. Wanda ya ji tsoro ya riƙe rigar na kusa da shi.

Kun san Saude, matata, Allah ya jiƙanta. Wasunku sun ci tuwon bikinmu. Amma ba ku san ta da ciki ba, don ɓoye shi ta yi ta yi, kamar yadda ake yi da na fari. Ni kaina ba da baki ta gaya mini ba. Wata safiya ta ture kokonta gefe, ta ce in samo mata goruba.

Na ce, "Ke da kika ce goruba abincin jakai ce?"

Ta ja gyale ta rufe fuska. "Baƙonka ne ke so, ba ni ba."

Baƙo. Haka muka riƙa kiransa. Baƙo ya hana ta cin miyar kuka. Baƙo ya kumbura mata ƙafa har takalminta ya ƙi shiga, ta koma sa silifas ɗina, tana ja a tsakar gida kamar agwagwa. In na dawo daga gona sai ta leƙa ƙofa, in babu kowa ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikin.

"Ji ɗan naka. Ƙwallo yake bugawa."

"Mace ce," in ce mata. "Daka take yi."

Ta saƙa wata 'yar hula da zaren ulu, ja da fari, ta ɓoye a cikin kwalla ƙarƙashin gado, kada a ce ta yi rashin kunya. Sau uku tana warware ta, wai ta yi girma.

Da cikin ya shiga wata bakwai, iyayenta suka aiko aka tafi da ita goyon ciki, can Tudun Marke, tsallaken rafi. Ni kuma nawa aikin ya tashi, itacen wankan jego. Kwana arba'in mai jego take wanka da tafasasshen ruwa, safe da yamma, kuma miji ne ke kawo itacen. Wasu saye suke yi. Ni kakarta ce ta ja ni, Iya Tabawa, tsohuwa mai baki, abokiyar wasana.

Ranar da na je gaisuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan siririn? Ko tsinken tsire ba zai iya sarowa ba. Saude, ki shirya, da ruwan randa za ki yi jego."

Na ce, "Iya, dami arba'in zan kawo, da gatarina. Kowace rana da nata."

"Zan ƙirga."

"Ki ƙirga, in idon zai gani."

Ta kuwa ƙirga. Kowane dami, sai ta jefa tsakuwa a gwangwani.

Bazara ce. Da safe in yi sharar gona, bayan la'asar in ɗauki gatari in kora jakina daji. Busasshen marke nake nema, shi ne wutarsa ke daɗewa. In ɗaure, in ƙetare rafi, in sauke a bayan dangar gidansu. Ba na shiga, gidan surukai ne. Amma akwai wata 'yar kafa a jikin dangar, inda kara biyu suka rabu. Ta nan nake ganin idonta ɗaya da kan yatsunta.

"Nawa yau?"

"Ashirin da shida."

"To Baƙo yana gaishe ka. Ya ce ka yi sauri, ya gaji da zaman ɗaki."

Ranar dami na arba'in, busasshen itacen kusa ya ƙare, sai da na yi nisa. Amma na samu. Marke miƙaƙƙe, tsawonsa ɗaya, kaurinsa ɗaya, kamar an gwada. Na ce yau zan rufe bakin tsohuwar nan. Kafin in gama ɗauri rana ta yi ja. Kafin in kai rafi ta faɗi.

Almuru. Kun san abin da manya ke faɗa a kan wannan lokacin, wai lokacin fitowar aljanu ne. Ni ma na sani.

Rafin a bushe yake, wata shida ba ɗigon ruwa. Yashin da sauran zafi. Muna kai tsakiya, jakin ya tsaya. Na buge shi. Ya ƙi. Kunnuwansa suka kwanta.

Sai na lura ba na jin kukan tsuntsu ko ɗaya.

Tana zaune a kan saiwar bauren nan. Mace, da baƙin zane, ciki ya tsufa. Ta tokare bayanta da hannu ɗaya, daidai yadda Saude ke yi.

Na yi sallama. Ta amsa. Amma bakinta ya riga muryar. Leɓen ya motsa, ya tsaya, sannan maganar ta iso, a hankali, kamar daga ƙasan rijiya.

"Sannu, mai itace."

"Yawwa. Baiwar Allah, me kike yi nan a wannan lokaci?"

"Jira nake. Yau ne, ko gobe."

"Ina mutanenki?"

"Babu." Ta dubi damin. "Na wanka ne?"

"Na wanka ne."

"Ta dace. Ni ba ni da mai saro mini. Ka taimake ni da shi."

A nan na sunkuyar da kai, na ga ƙafafunta. A jiƙe suke. Ruwa yana ɗiga daga yatsun, ɗis, ɗis. Yashin da ke kewaye da su ya yi baƙi.

Na karanta abin da na iya a zuci. Ba ta ɓace ba, ba ta ko motsa ba. Tana kallona kawai, kallon mace mai nauyi da ta gaji.

Ku ji wannan da kyau, don shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da tsoro ne ya yi aiki a kaina, da na kwance damin na zube mata na tsere. Ba tsoro ba ne. Gwangwanin Iya Tabawa na tuna. Talatin da tara a ciki. Na tuna dariyar da za ta yi in na zo hannu wofi, ko da ramammen dami. Dami talatin da tara na tara, amma na kasa rabuwa da ɗaya.

Na ce, "Na mai shi ne. An ƙirga."

Na zaro guda uku, mafi sirantaka, na ajiye a gabanta.

Ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. "Ɗaya. Biyu. Uku." Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi. Ta ce, "Na gode. Allah ya sauke ta lafiya."

Ta dafa saiwar ta miƙe da ƙyar, ta bi tsakiyar rafin. Duk inda ta ɗaga ƙafa, sawun ya cika da ruwa, ya yi ƙyalli, sannan yashi ya shanye.

Jakin ya yi ajiyar zuciya, ya ci gaba da tafiya.

Iya Tabawa ta jefa tsakuwar ƙarshe, ta rangaɗa guɗa. "Arba'in! Ashe namiji muka samu!" Saude ta zuro yatsunta ta kafar danga ta taɓa nawa.

"Hannunka sanyi."

"Iska ce."

"Wace iska a bazara?"

Na janye hannuna, na kora jakina gida.

Ranar Alhamis ta haihu. Mace. Ina gona aka zo aka gaya mini, na sunkuyar da kai kamar ban ji ba, saboda manya na wurin. Da yamma na hau tudu na hangi hayaƙi yana tashi daga gidansu. Na ce, itacena ne.

Rana ta biyu Iya Tabawa ta fizgo ni ta ƙofar baya. "Shiga, ka fito yanzu. Ban gan ka ba." Ɗakin yana ƙamshin ganyen darbejiya da kunun kanwa. Saude na kwance a gadon ƙasa mai ɗumi, fuskarta ta yi fari, amma tana murmushi.

"Ka ci," ta ce. "Mai daka ce."

Ta sa wa jaririyar hular nan. Ta rufe mata har hanci. Saude ta yi dariya har ta dafe cikinta. "Sau uku ina warwarewa, ka gani?"

Dariyarta ta ƙarshe da na ji ke nan.

Rana ta uku da yamma jini ya ɓalle mata. Aka nemo mota. Kafin a kai bakin kwalta ta cika.

Da safe aka yi mata sutura. A maƙabarta aka nemi itacen da za a jera a rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Wani ya ruga gida, ya duba tarin da ke bayan danga, ya zaɓo wanda ya fi miƙewa. Tsawonsa ɗaya, kaurinsa ɗaya. Na gane ɗaurina. Ni na riƙa miƙa shi, ɗaya bayan ɗaya, ana jerawa a kanta.

Nafi'u, ba ni ruwan nan.

Yarinyar ta ƙi komai. Ƙanwar surukata mai goyo ta ba ta nono, ta kau da kai. Aka sayo madarar gwangwani, ta amayar. Kukanta ya riƙa sirancewa har ya koma kamar na ɗan mage. Kwana biyu haka. Iya Tabawa ta daina wasa da ni. Ta same ni a bayan danga, ta ce, "Isuhu, kwashe itacen nan. Ba na iya kallonsa."

Dami talatin da shida ya rage. Tun safe nake jida, ni da jaki, ina kai wa gindin bauren ina jerawa. Mutane suka ce na taɓu. Kaya na ƙarshe, da gangan na jinkirta shi sai almuru.

Jakin ya tsaya a inda ya tsaya ran nan.

Ban gan ta ba. Amma na ji kukan jariri a bayan bauren, ƙasa-ƙasa. Na yi sallama. Shiru. Sannan muryar ta iso.

"Mai itace."

"Na kawo. Duka ne."

"Na gani."

"Ke ce kika..."

"A'a. Ba mu da wannan ikon, mu ma bayi ne." Ta yi tari, irin na wanda sanyi ya kama. "Daren da na gan ka na haihu. Itacenka uku na lallaɓa, guda ɗaya kowace rana tun daga Alhamis, ina ɗumama ruwa. Duk lokacin da wutar ke ci, ina yi wa matarka addu'a. Rana ta uku da yamma wutar ta mutu. Sanyi ya shige ni, ban ƙara iya ɗaga kai ba."

Na durƙusa a yashi. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

"Yarinyar fa?" ta ce.

"Ba ta ci."

Sai na ji ƙarar karya itace. Sai ƙamshin hayaƙin marke. Can sai ga ƙarar ganye ana tsoma shi a ruwan zafi ana fyaɗawa a jiki, fat, fat, kamar a kowane gidan jego.

"Je ka gida," ta ce. "Kada ka waiwaya."

Ban waiwaya ba.

Da asuba surukina ya fito alwala, ya tarar da akuya a ƙofar gida. Fara, hantsarta cike, ba ɗa a bayanta. Aka yi cigiya a ƙauye huɗu, ba mai ita. Iya Tabawa ta tatsa, ta dafa, ta ɗiga wa yarinyar a baki da cokali. Ta haɗiye. Ta sake buɗe baki.

Tsohuwar ta kira ni gefe, ta nuna mini ƙasa da sandarta. Kofaton akuyar a jiƙe yake. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Allah ya sani." Ranar suna aka mayar wa yarinyar sunan uwarta, muke kiranta Talle.

Na je wurin Malam na gaya masa rabin labarin. Ya ce, "Isuhu, ajali ba ya ƙaruwa da itace, ba ya raguwa da itace. Kwananta ne ya ƙare." Na yarda, wallahi na yarda. Da rana na yarda ƙwarai. Sai rana ta yi ja, sai in ji hannuna yana zaro siraran nan guda uku.

Akuyar ta zauna har aka yaye Talle. Washegari aka ga igiyarta a ɗaure yadda take, ita babu. Sawu ya nufi rafi, kowanne da ɗan ruwa a ciki.

Shi ya sa har yau, duk wanda na ji matarsa ta tafi goyon ciki a garin nan, nakan saro dami biyu. Ɗaya in kai masa. Ɗaya in kai gindin baure, da sauran rana, in ajiye in juyo. Da safe ba ya nan.

Kada wanda ya bi Rafin Baure shi kaɗai bayan rana ta faɗi. Kun ji ni? Ko aiken wa ne, ku ce sai da safe. In kuma ƙaddara ta kai ɗayanku, aka yi masa sallama, aka roƙe shi abin da ke hannunsa, kada ya tsaya zaɓe. Ya kwance igiyar gaba ɗaya.

Ku tashi a hankali, ga ta can ta motsa. Hular ce take lalube. Sai bana ta yi mata daidai.