Gaisuwar Mamuda Daga Landan

Ku da kuke cizon yatsa in kun ji ɗan wani ya tafi Turai, ku matso ku ji labarin Mamuda na Gubuchi. Ni tela ne a kasuwar Makarfi lokacin, a shagona rediyon da abin ya biyo ta cikinsa yake, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Mamuda akawu ne a wani banki a Zariya sa'ad da Turawa suka miƙa mulki. Ƙwaƙwalwa kam akwai ta, sai dai abin hannunsa bai taɓa isarsa ba. Da aka ce bankin zai tura ɗan Arewa guda reshensa na Landan, barci ya ƙaurace masa. Masu nema 'ya'yan manya ne, shi kuwa maraya, da sayar da daddawa uwarsa Hajo ta yi masa karatu. Sai ya hau keke ya nufi wani kurmi a bayan Saulawa, wurin Boka Lado.

Lado ba ya ganin kowa sai rana ta take tsaka. Bukkarsa na gindin wata tsamiya da rabinta ya bushe, ko tsuntsu ba ya sauka a kai. Ƙahonni da jajayen tsummoki na rataye a ƙofa, ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon jini. A tsakiyar bukkar an binne wani tulu har wuya, an rufe bakinsa da faifai.

"Ƙetaren teku kake so, ɗan boko," in ji Lado, tun kafin ya zauna.

"Shi ne, Baba. Amma in faɗa maka tun yanzu, ba na ba da jinin kowa."

"Wa ya tambaye ka jini? Kai dai kada ka manta da gida. Duk kaka, in an kai hatsi rumbu, ka aiko da gaisuwa ga mutum ɗaya na gidanku, ka kama sunansa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai in ka fara, babu fashi."

Mamuda ya yi murmushi, yana ganin ya samu banza. "Ai ko ba ka ce ba zan gaida mutanena."

"To, durƙusa ka fara da na cikin nan."

Lado ya yanka baƙin bunsuru, ya cire harshen, ya goga wa Mamuda a leɓe, ya jefa a tulu. Mamuda ya durƙusa, ya kai baki, ya ce barka da rana. Daga can ƙasa muryoyi masu yawa suka ce a tare, "Muna amsawa."

Kafin damina ta faɗi, sunansa ya fito.

Landan ta karɓe shi da sanyi da hazo. Ɗaki ɗaya a saman bene, jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, mutane cunkus ba mai ce wa wani sannu. Ya gaida tsohuwar da ke ba shi haya yadda aka koya masa a gida, ta dube shi kamar ya zo roƙo. Amma a banki duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau. Aka ba shi ofis, aka ba shi mota. A Gubuchi gidansu ne ya fara samun rufin kwano, mu kuma muka shiga yi wa 'ya'yanmu gori da shi.

A lokacin akwai shirin gaishe-gaishe da ake kamawa a rediyo daga can da Hausa. Ran kasuwa da yamma shagona ba masaka tsinke. Kakar farko mai karatu ya ce, Mamuda Gubuchi, ma'aikacin banki a Landan, yana gaida kawunsa Malam Inuwa. Tsohon na zaune a bencina. Ya gyara hula, ya ce, "Ina amsawa, Allah ya yi masa albarka." Kafin kasuwa ta zagayo mun binne shi. Muka ce kwana ne ya ƙare.

Kaka ta biyu ƙanwarsa Lantana ya gaisar. Aka kai mata saƙo tana daka, ta amsa har da guɗa. Washegari aka gan ta durƙushe tana gaida bango, tana gaida turmi, tana gaida awaki. Haka ta yi ta yi har ranar da ta leƙa rijiya don ta gaida na ciki.

Ta uku matarsa Mero, wadda ya bari da alkawarin zai aiko a ɗauke ta. A lokacin an fara ƙus-ƙus, har wata maƙwabciya ta kama hannunta ta ce ta yi shiru. Mero ta ce, "Mijina zai gaishe ni daga uwa duniya in ƙi amsawa?" Ta amsa. Ni na ɗinka likkafaninta.

Daga nan kowa ya gane, kuma ganewar ba ta amfane mu da komai ba. In shirin ya zo sai shago ya watse. Kaka ta huɗu ba a ji sunansa ba, ashe shi ma ya gane, ya kame bakinsa.

Ahmadu, wani ɗalibi ɗan Kudan da ya dawo daga can, shi ya kawo mana sauran. Tun da Mamuda ya yi fashi, kullum sai ya ji ana amsa masa gaisuwar da bai yi ba, da muryar kawunsa, da ta Lantana, da ta Mero. Ya toshe kunne da auduga, bai hana ba. Wata safiya Turawa suka same shi durƙushe gaban ɗakin ajiyar banki cikin kwat ɗinsa, yana kuka yana ba ƙofar ƙarfe haƙuri. Suka sa shi a jirgi zuwa Kano.

Ahmadu ya ce a cikin kukan sunan Lado yake ta kira. Tun kafin a iso da shi gida, Hajo ta ce in raka ta wurin Lado. Tsohuwa ta durƙusa a wannan baƙar ƙasa tana roƙo.

"Ni ban kashe kowa ba," in ji Lado. "Na cikin tulu sai sun ci. In ba mai amsawa, mai gaisuwar za su ci, a hankali."

"In aka amsa fa?"

"Zai samu kansa zuwa wata kakar. Ke kaɗai kika rage masa."

A hanya na yi ta ba ta baki. Ko kallona ba ta yi ba.

Ranar da aka sauke shi a Gubuchi, ya rame ya zama ƙashi, ya ɗaure bakinsa da rawani da kansa. Garin da yaro ba ya wuce babba bai rusuna ba, ran nan kowa ya juya baya, mata suna janye 'ya'yansu. Ya isa ƙofar ɗakin uwarsa ya zube.

Shi ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunya. Ta sa hannu ta kwance rawanin.

"Mamuda," in ji ta. "Haka na koya maka? Ka dawo daga tafiya ba za ka gaida uwarka ba?"

Ya girgiza kai, hawaye na zuba. Ta zauna ta jira. Muna tsaye a zaure kamar an dasa mu. Can muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. Sannu da hanya."

Hajo ba ta daɗe ba ta rasu, hankalinsa ya dawo daidai lokacin ɗaukar makararta. Shekara guda ya yi garau, yana zuwa shagona yana ba ni labarin nan, da sharaɗin ba gaisuwa tsakaninmu. Da aka kai hatsi rumbu, ba sauran wanda zai kama sunansa. Ya ƙare rayuwarsa yana yawo tsakanin Makarfi da Ikara cikin yagaggen kwat, yana rusuna wa itatuwa.

To, kai mai ganin abincin gidanku ya yi maka kaɗan, ka ji. Duk bokan da ya ce ba ya son komai a wurinka, ya riga ya hango abin da zai ɗauka, kuma ba a jikinka zai fara ba. Rufin kwanon nan yana nan a Gubuchi har yau, ya yi tsatsa. Ba mai yin sallama a ƙofar gidan, don tsoron kada a amsa.