Na Ninka Mata Magani

"Ba za ka kai ta mustashfa ba, Mamane! Ba asibitin da za ta!"

Yaya Souley ne ya tare ƙofar ɗakinmu a unguwar Sukra ta Sabha, ƙurar siminti har gashin idonsa.

"Yaya, dube ta mana..."

"Na gani! Suna ɗibar jininta za su gane. Daga ita sai kai. Tarhil ne, kora daga ƙasa, mota har bakin iyaka. Inna fa? Ƙannenmu huɗu a Tawa, wa zai ci da su? Ni kaɗai?"

Na juya wajen matata Ɗijatu.

Ni da Ɗijatu a layin karɓar magani muka haɗu a Agadez, dukanmu muna ɗauke da sida, cutar ƙanjamau. Muka yi aure, na rigo ta ƙetare hamada zuwa Sabha, ƙasar Larabawa. Shekarun nan fetur na tsada, gini ko'ina, ina dakon bulo. Amma baƙon da aka gano da cutar nan ba ya zama a ƙasar, shi ya sa muka kame bakinmu.

Da ta iso, wani direba ya kawo mana kotiri daga gida, farar ƙwayar da ke tsare irinmu daga ciwon huhu. Ni na daɗe ina sha lafiya lau. Ita ba ta taɓa sha ba.

Kwana tara da farawa zazzaɓi ya rufe ta, ƙuraje suka feso. Na ce cutar ce ta taso. Na ninka mata. Da abin ya ƙaru na bar shan nawa, na haɗa mata duka. Da hannuna nake ba ta, ina lallashi.

Yanzu ga ta kwance, leɓe ya tsage, idanu jawur, fatar bayanta na saluɓewa kamar ɓawon dabinon da ya jiƙa.

"Masoyina..." da ƙyar muryar ta fito. "Ka ji maganar Yaya. Ni ɗaya ce, su biyar ne."

"Yi shiru, Ɗija."

"Ka ga ma ka huta... kullum kana cewa na cika surutu."

Na naɗe ta cikin zane na saɓa. Yaya ya kauce, amma ya riƙo rigata.

"In ka nace, ka ce maƙwabciyarka ce. Ka ji ni? Maƙwabciya!"

Likitar mace ce, dattijuwa. Na miƙa mata ledar maganin, na yi bayani da guntun Larabcina.

"Nawa take sha a rana?"

"Uku."

Ta dafe kai.

"Ba cutar ba ce ta yi mata haka, ɗana. Maganin nan ne. Da yawa cikin masu cutar nan jikinsu ba ya karɓarsa. Ranar da ƙuraje suka fito, ranar ya kamata a daina."

Kwana biyar ina ɗura mata abin da ke ƙona ta, tana ce min na gode.

"Za mu gwada jininta," in ji likita, tana riƙe da biro. "Kai mene ne nata?"

Na tuna Inna. Na tuna rumbunmu. Na dubi Ɗijatu, ta rufe ido don kar ta ji amsar.

"Mijinta ne."

Na naɗe hannun riga na miƙa.

Kwana ashirin da uku ta yi. Ta tashi, sai dai idanunta ba sa jure rana. Takardar tarhil ta fito da sunayenmu biyu.

Ranar tafiya Yaya ya zo bakin mota da jarkar ruwa da ƙullin dabinon Zighan. Bai dube ni ba.

"Me zan ce wa Inna?"

"Ni zan faɗa mata, Yaya. Da bakina."

Ya juya ga Ɗijatu.

"Ƙanwata... ki yafe min."

"Ba komai, Yaya. Allah ya ba ka ƙarfin ɗauka."

Mota ta tashi, gine-ginen da na yi wa dako suka koma baya. Na kwance ƙullin, na ɗauki dabino, na tsaya. Tun ranar da likita ta faɗa min ban iya miƙa mata ko ruwa ba.

Ta laluba ta kama yatsuna, ta kai bakinta da kanta.

"Ɗaya kawai, likita Mamane," ta ce, tana murmushi da leɓenta mai tabo. "Kar ka ninka."